Maroko ko Tunisiya: Ina Damagarawa Za Su Fi More Jirgin Ƙasa da Bakin Teku a Babban Hutu?

Abu biyu ne yaron Damagaram yake girma bai gani ba sai a hoto: jirgin ƙasa da teku. Dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso tsakanin 2014 da 2016 bai zama hanyar fasinja ba, wanda ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi kuma har yanzu jira muke. Zancen ruwa kuwa, mu da muka san layin jarka a bakin famfo, ba sai an faɗa ba. Shi ya sa duk magidancin da Allah ya hore wa, ya ce bana zai fitar da iyali su ga duniya idan an rufe makarantu, abin da yara suke fara roƙo ke nan: a hau jirgin ƙasa, a taka ruwan teku.

Irin tafiyar da nake nufi ita ce a kama masauki a gari ɗaya na kwana goma ko mako biyu, kullum da safe a hau jirgi a je wani gari ko wata gaɓa, da dare a dawo a kwana inda aka ajiye kaya. Ba jan akwati daga otal zuwa otal, ba neman sabon ɗaki da yara suna gyangyaɗi. Ƙasashe biyu ne suka fi dacewa da mu a irin wannan, Maroko da Tunisiya. Duka Musulmi ne Malikawa, ba a fargabar nama, Faransanci da Larabci suna wadatar da mutum, kuma ɗalibanmu da masu zuwa ganin likita sun riga sun buɗe hanya. Amma ba ɗaya suke ba, kuma wanda ya zaɓa da ka zai iya kashe kuɗin shekara biyu ya dawo bai samu abin da ya je nema ba.

Farkon hanya dai ɗaya ce: wajen kilomita 900 daga Zinder zuwa Yamai, wuni guda cikin mota, sannan filin jirgin Diori Hamani. Royal Air Maroc yana kai mutum Kazablanka, Tunisair yana kai shi Tunis. A Kazablanka tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin filin jirgin saman, kana karɓar akwatinka ka sauka bene ka sayi tikiti, hutu ya fara. Filin jirgin Tunis ba shi da dogo, sai dai yana dab da gari, tasi ke kai mutum cikin ƴan mintoci. Dokokin shiga suna canzawa, Maroko ma a shekarun nan ta riƙa neman izinin intanet daga ƴan wasu ƙasashen Afirka, don haka a tambayi ofishin jakadanci ko kamfanin jirgin kafin a biya kuɗin tikiti. Agogo kuwa ba sai an taɓa shi ba, a watannin hutu lokacinsu ɗaya da namu.

A kan dogo ne bambancin ya fi fitowa, kuma a nan ya kamata a daɗe ana tunani, don shi ne ƙashin bayan tafiyar. Wanda ya kafa sansani a Rabat yana zaune ne a tsakiyar layin da ya fi kowane yawan jirage a Maroko. Tsakanin Rabat da Kazablanka kamar awa ɗaya ne, jiragen kuma suna bin juna tun asuba har dare, wanda ya rasa wannan ba zai daɗe ba wani ya zo. Arewa kuma akwai Al Boraq, jirgi mai gudun tsiya na farko a nahiyar Afirka, wanda aka buɗe a Nuwamba 2018. Tsakanin Tanja da Kenitra yana gudun kilomita 320 a awa. Tafiyar Tanja zuwa Kazablanka da a da take cin awa huɗu da minti 45 ta koma awa biyu da minti 10, daga Rabat kuwa awa ɗaya da minti 20 ne kawai. Ma'ana mutum zai karya kumallo a Rabat, ya yi azahar a Tanja yana hangen duwatsun Sifaniya a ƙetaren ruwa, ya dawo ya kwana a gadonsa. Gabas akwai Meknes da Fas, Fas ɗin kusan awa uku. A Al Boraq da jiragen dogon zango kowa da lambar kujerarsa, taragu da na'urar sanyi, farashi kuma yana sauƙi ga wanda ya saya da wuri. Mai iyali ya san darajar lambar kujera: ba rabuwa da yara, ba tsayuwa da goyo.

Dogon Tunisiya ya tsufa, kuma an daɗe ba a zuba masa kuɗi kamar na Maroko ba. Layukan kudu, waɗanda suka nufi Susa da Safakis, ƙaramin dogo ne mai faɗin mita ɗaya, jiragen ba su da yawa a yini, jinkiri kuma abu ne da mutanen ƙasar da kansu suke sa wa a lissafi. Daga tashar Dandalin Barselona a Tunis zuwa Susa awa biyu ne da ɗoriya. Wanda ya ce zai zauna Tunis ya riƙa zuwa kudu yana dawowa kullum, gajiya ce kawai zai tara.

Sai dai Tunisiya tana da abu biyu da Maroko ba ta da kamarsu, kuma saboda su ne ban yarda a yi watsi da ita ba. Na farko shi ne ƙaramin jirgin da ake kira TGM, layin dogo na farko a ƙasar, tun 1872. Tsawonsa kilomita 19 ne kacal, yana tashi daga tashar Tunis Marine ya ratsa tafkin Tunis a kan wata siririyar hanya, ruwa dama ruwa hagu, ya bi ta La Goulette inda ake cin soyayyen kifi, ya tsaya a tashoshi da dama cikin Kartaj, tsohon birnin tarihi, ya hau Sidi Bu Sa'id mai fararen gidaje da shuɗayen ƙofofi, ya ƙare a La Marsa. Tikitinsa bai kai sefa 500 ba. Taragunsa tsofaffi ne, da yamma cunkoso ake yi, gyaran hanya kuma yakan katse shi, saboda haka a tambaya kafin a fita. Na biyu shi ne jirgin lantarki na gaɓar tekun da suke kira Sahel, kilomita 73 daga Susa zuwa Munastir har Mahdiya. Yana tashi daga Bab Jadid, gindin ganuwar tsohon garin Susa, cikin rabin awa ya kai Munastir. Idan Tunisiya aka zaɓa, shawarata a yi kwana biyu ko uku a Tunis saboda TGM, sauran kwanakin duk a tare a Susa. Daga can ne ƙasar take buɗewa.

Yanzu zafi. Babban hutunmu damina ne, a can kuwa rani ne tsantsa, ba ɗigon ruwa. Kada kowa ya ce ai mu ƴan Damagaram mun saba, wanda ya sha zafin Afrilu da Mayu me zai ba shi tsoro. Zafin gida ana shan sa ne a inuwa, an san lokacin fita da lokacin kwanciya. Zafin yawon buɗe ido a ƙafa ake shan sa, a kan duwatsun kufai, da yara da tsofaffi. Rabat a nan ta yi zarra. Iskar Atlantika tana riƙe zafinta a ƙasa da digiri 30 mafi yawan kwanakin Yuli da Agusta, da dare har mayafi ake ja. Tunis da Susa sun fi zafi da gumi, idan kuma iskar hamada ta taso daga kudu abin yakan wuce misali: a Agusta 2021 ma'auni ya haura digiri 50 a Ƙairawan. A Maroko ma da an bar gaɓa an shiga ciki, Fas da Marrakesh suna iya haura 40. Shi ya sa ban ba kowa shawarar ya yi sansani a Marrakesh a wannan lokaci ba, duk da sunan da ta yi. Daga Rabat kusan awa huɗu ce, ta fi ƙarfin tafiyar yini, kuma ba ta da teku.

Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba: tsawon rana. A Yuli magariba a Rabat sai bayan ƙarfe takwas da rabi, isha kuma bayan goma. A Tunis magariba tana riga ta Rabat da kamar awa guda. Wannan ƙarin haske riba ne ga mai tafiyar yini, don za a koma masauki ido na ganin ido. Sallah kuma ba ta zama damuwa, masallatai ko'ina, matafiyi kuma yana da sauƙin da shari'a ta ba shi.

Amma fa iskar da take sanyaya Rabat ita ce take sanyaya ruwanta, kuma a nan Tunisiya ta rama. Ina roƙon iyaye su karanta wannan da natsuwa. Yawancinmu ba mu iya iyo ba. Wanda ya fi kowa gwaninta a cikinmu a tafki ya koya, Atlantika kuwa ba tafki ba ce. Ruwanta da sanyi ko a Agusta, igiyoyinta da ƙarfi, kuma akwai wuraren da ruwan yake jan mutum ciki ta ƙasa alhali sama lafiya lau. Kowace shekara ana rasa rayuka a gaɓar nan, har da ƴan ƙasar da suka tashi a bakinta. Akwai rairayi masu kyau da jirgi yake kai mutum kusa da su tsakanin Rabat da Kazablanka, irin su Skhirat da Buznika da Muhammadiyya, a sauka a ƙarasa da tasi. A je, a shimfiɗa tabarma, yara su yi gini da yashi, a jiƙa ƙafa. Sai dai a zauna inda masu ceto suke, a kalli tuta, idan ja ce kada ko babba ya shiga, kuma kada a bar yaro ya wuce gwiwa ba hannun babba a jikinsa.

Bahar Rum a gaɓar Susa da Munastir da Mahdiya wani abu ne daban. Ruwan da ɗumi a ƙarshen rani, yawancin kwanaki a kwance yake, kuma a wurare da yawa mutum zai yi nisa yana tafiya bai wuce ƙugu ba. A Susa daga tashar jirgi zuwa rairayin Bu Ja'afar da ƙafa ake zuwa. Farin yashin Mahdiya kuwa yana cikin mafi kyau a ƙasar. Uwar da take son ta ga ƴarta mai shekara biyar ta zauna cikin ruwa tana dariya, ita kuma hankalinta kwance, Tunisiya ce tata. Ko a nan ɗin ba a ɗauke ido daga yaro, kuma wasu kwanakin akwai wata halittar ruwa mai kama da leda da take harbi, a tambayi mutanen wurin. Batun sutura kada ya hana Hajiya zuwa: a rairayin da iyalan ƙasar suke taruwa, a ƙasashen biyu, mata da yawa da kayansu da ɗankwalinsu suke shiga ruwa, ba mai kallon su. Wuraren da ke gaban manyan otal na Turawa ne suka bambanta, kuma ba dole a je can ba.

Ta fuskar birane kowace tana da abin da zai taɓa zuciyar Badamagare, sai dai ta hanya daban. A Rabat kanta akwai Hasumiyar Hasan, wadda Sarki Yaƙub al-Mansur ya fara ginawa ya rasu a 1199 ba a gama ba, ga kabarin Sarki Muhammadu na Biyar a gefenta, ga unguwar Udaya a kan tudu inda kogin Bu Ragrag yake shiga teku. Ana haye kogin da kwale-kwale zuwa Sale, ko a hau taram, jirgin lantarki na cikin gari. Rabat gari ne mai natsuwa da tsabta, ba hayaniyar Kazablanka, shi ya sa na fifita ta a matsayin masauki. Kazablanka ta yini ɗaya ce: a je Masallacin Hasan na Biyu da aka gama a 1993, wanda wani ɓangarensa yake kan ruwa, hasumiyarsa ta kai mita 200, a yi Juma'a idan an dace. Tanja garin Ibn Battuta ne, an haife shi can a 1304, mutumin da ya ratso har Takadda a yankin Agadas a 1353. Yaro ɗan makaranta ya ji wannan yana tsaye a garin, tarihi ya daina zama abin hadda.

Fas kuwa ita kaɗai ta isa dalilin tafiya ga mutane da yawa a garin nan. Can zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, inda aka binne shi a 1815, can kuma masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda Fatima al-Fihriyya ta kafa a 859. Duk wanda ya san aikin dukawan Zinder ya tsaya a saman shagunan da ke kallon majemar Shuwara, ya ga ramukan jima da rini, zai ga sana'ar gida ce a wata ƙasa. Ba abin mamaki ba ne, don fatun awakin ƙasar Hausa sun daɗe suna ƙetare hamada a bayan raƙuma, Turawa suna saye da sunan fatar Maroko. Fas a yini ɗaya tana yiwuwa idan an bi jirgin sassafe, amma awa shida a hanya ga zafi ga lunguna masu hawa da gangara, idan da dattijo a tafiyar gara a kwana ɗaya.

Abin da Fas take ga ɗan ɗarika, Ƙairawan take ga almajirin fiƙihu. Uƙba bin Nafi ya kafa ta a 670, can Imam Sahnun yake kwance, can ne garin Ibn Abi Zaid mai Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan malamanmu har gobe, can kuma ake ziyartar kabarin sahabi Abu Zam'a al-Balawi. Sai dai jirgin fasinja ba ya zuwa Ƙairawan. Daga Susa ƙaramar motar haya ake shiga, wadda suke kira luwaj, mai cin mutum takwas, ba ta tashi sai ta cika, yadda muka saba a tasha. Kamar awa ɗaya ce, a tafi da sanyin safiya a baro kafin rana ta take. A shekarun nan Mauludi yana faɗowa cikin babban hutu, lokacin Ƙairawan cika take maƙil, mai son zuwa ya shirya da wuri. El Jem kuwa tana kan dogo, kamar awa guda kudu da Susa, inda Rumawa suka gina filin kallo a ƙarni na uku mai cin mutum wajen 35,000, har yau yana tsaye, yara suna shiga ramukan ƙarƙashinsa inda a da ake tsare namun daji. A Munastir akwai ribaɗin da aka gina a 796 da kabarin Habib Burgiba. A Tunis akwai masallacin Zaituna da gidan tarihi na Bardo, Kartaj kuma kufai ne warwatse, tun da Rumawa suka rushe ta a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa suka sake gina tasu a kai.

Aljihu: Tunisiya ta fi sauƙi, musamman kuɗin jirgi da abinci. Dinari ɗaya kusan sefa 200 ne, dirhamin Maroko kusan sefa 60. Rabat zuwa Kazablanka a aji na biyu wajen jika uku ne kowane mutum, a ninka da yawan iyali, zuwa da dawowa, kullum, a ga yadda yake taruwa, balle ranar Al Boraq. Sefa ba ta canzuwa cikin sauƙi a can, a canza zuwa yuro tun a gida, kuma kada a canza fiye da buƙata, don kuɗin ƙasashen biyu ba a fita da su yadda aka ga dama. Mai iyali ya kama gida mai kicin ya fi masa otal nesa ba kusa ba. Wani ƙaramin abu da yake cin kuɗi a Maroko: ƙaramar tasi mutum uku kawai take ɗauka, iyalin mutum shida mota biyu ke nan kowace fita, saboda haka a nemi masauki kusa da tashar Rabat Ville ko layin taram. Abincin Tunisiya da yaji, harisarsu, wato markaɗaɗɗen barkononsu, za ta yi wa bakinmu daidai. Na Maroko ba yaji, wani tajin ɗin ma, wato girkinsu na tukunyar ƙasa, da zaƙi-zaƙi, Hajiya ta ƙulla yajinta tun daga gida.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don ta shafi mutuncin mutum. Tun Fabrairu 2023, bayan jawabin Shugaba Ƙais Sa'id a kan baƙin haure, baƙaƙen fata ƴan kudu da Sahara sun fuskanci tsangwama a Tunisiya, an kori wasu daga gidajen haya, har ƙasashe irin su Gini da Mali da Kodibuwa suka kwashe mutanensu da jirgi. Abin ya fi tsanani a yankin Safakis. Ɗalibai da marasa lafiya daga ƙasarmu suna ci gaba da zuwa, Tunisawa da yawa kuma sun fito sun yi tir da abin, amma magidancin da zai tafi da matarsa da ƴaƴansa yana da haƙƙin ya sa wannan a ma'auni. A Maroko ma, musamman Tanja da sauran garuruwan arewa, ƴan sanda sukan tsayar da baƙar fata su nemi takardu. Ko ina aka je, fasfo ya kasance a jiki, da takardar masauki da tikitin dawowa, kuma kafin a tashi a kira wani ɗalibinmu da ke can a ji yadda gari yake a wannan watan.

Ni dai idan wani ɗan'uwa ya ce in zaɓar masa, kuma yaransa sun kai shekara takwas zuwa sama, Rabat zan ce. Tafiyar da aka gina a kan jirgin ƙasa tana son jirgin da za a dogara da shi, da garin da za a iya yawo a cikinsa da rana ba a galabaita ba, Rabat kuma ta haɗa biyun, ga Fas da Tanja a hannu. Wanda yaransa ƙanana ne, ko wanda ruwan ne ainihin abin da ya kai shi, ko wanda zai haɗa da ganin likita, ko kuɗinsa a ƙirge suke, ya nufi Susa, ya rage buri, ya bar jirgin Mahdiya ya yi masa aiki.

Saura lokaci. Agusta ita ce mafi tsada da cunkoso a ƙasashen biyu: ƴan Maroko mazauna Turai suna dawowa gida da miliyoyinsu, ƴan Aljeriya kuma suna cika gaɓar Tunisiya. Makarantun Maroko suna komawa a farkon Satumba, na Tunisiya a tsakiyarta, ƙananan makarantunmu kuwa galibi sai Oktoba. Makonnin da ke tsakani namu ne: kuɗin haya ya sauka, kujeru sun samu a jirgi, zafi ya fara lafawa, ruwan teku bai huce ba. Mai gona kawai ya duba geronsa, ya san wanda zai bar wa amanar girbi kafin ya sayi tikiti.